Gasar Kwamfutar Allo: Riba Tana Wajen Mai Kasuwa

Ran 18 ga watan Agusta na shekarar 2011, kamfanin HP na ƙasar Amurka, wanda a lokacin nan babu wanda ya kai shi sayar da kwamfuta a duniya, ya ba da sanarwar cewa ya daina yin kwamfutar allonsa mai suna TouchPad. Mako bakwai ke nan kacal da fitar da ita kasuwa. Shekara guda kafin haka kamfanin ya biya dala biliyan 1.2 ya sayi kamfanin Palm, musamman domin ya mallaki uwar manhajar da za ta tafiyar da irin wannan na'ura. Da kaya suka yi kwantai a kantuna, sai aka karya farashi daga dala 499 da aka fara sayarwa zuwa dala 99, jama'a kuwa suka yi wawa a kansu har suka ƙare cikin 'yan kwanaki.

Wannan al'amari ya cancanci 'yan kasuwa su tsaya su dube shi da kyau, ko da ba sa harkar kayan lantarki. HP yana da jari, yana da injiniyoyi da wakilai a kusan kowace ƙasa, na'urar da ya fitar kuma tana aiki. Abin da ya rasa shi ne kasuwar da za ta raya na'urar bayan an saye ta. Tarihin gasar kwamfutar allo, watau falalen na'urar nan mai fuskar gilashi irin su iPad da ake sarrafawa da yatsa, ya nuna cewa wanda ya mallaki kasuwa shi ke yanka doka, shi ke kuma kwasar mafi tsokar riba. Wanda ya ƙera kaya kawai ya kawo, komai girmansa, matsayinsa bai wuce na mai hayar rumfa ba.

Abin da ake nufi da dandali

Fataken shanu da na goro sun daɗe da sanin wannan tsari. Falke in ya isa Sabo ta Ibadan ko Zangon Kumasi, gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, dillalansa su nemo masu saye, in kuma ciniki na bashi ne shi ke tsayawa lamuni. Ba ya kiwon saniya ko ɗaya, ba shi da gonar goro, amma duk cinikin da aka ƙulla ta hannunsa akwai la'adarsa a ciki. Ƙarfinsa kuwa daga abu guda yake fitowa: fatake suna sauka inda masu saye ke taruwa, masu saye kuma suna zuwa inda fatake ke sauka. Wanda ya buɗe sabon gida yakan sha wuya, domin masu saye ba za su zo gidan da babu kaya ba, masu kaya kuma ba za su sauka gidan da babu masu saye ba.

Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan kasuwa mai fuska biyu. Bafaranshen nan Jean Tirole, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2014, da abokin aikinsa Jean-Charles Rochet sun yi bayani tun 2003 cewa babbar shawarar da ke gaban mai irin wannan kasuwa ita ce wane ɓangare zai rangwanta wa domin ya jawo shi, wane ɓangare kuma zai ɗora wa biyan kuɗi. A harkar kwamfutar allo, gidan fatoma abu biyu ne haɗe: uwar manhajar da ke tafiyar da na'urar, da kantin da ake sauko da ƙananan manhajoji daga cikinsa. Wannan haɗin shi ake kira dandali. A gefe guda akwai jama'a masu amfani da na'ura, a ɗaya gefen akwai masu rubuta manhajoji na karatu da lissafi da wasanni da kallo. Kowane ɓangare yana jiran ya ga ɗayan ya taru kafin ya shigo.

Yadda Apple ya riga kowa

Ba kamfanin Apple ne ya ƙago tunanin kwamfutar allo ba, shi kansa ma ya taɓa faɗuwa a kai. A 1993 ya fitar da wata na'urar hannu mai suna Newton, wadda ake rubutu a kanta da alƙalami, aka janye ta a 1998. A 2002 kamfanin Microsoft ya fito da wani nau'in Windows domin kwamfutar allo, kamfanoni da dama suka ƙera na'urori a kansa, amma sun yi nauyi, sun yi tsada, manhajojin cikinsu kuma an yi su ne domin mai zama a kan tebur. Kasuwar ba ta karɓe su ba.

Sa'ad da Steve Jobs ya nuna iPad ran 27 ga watan Janairu, 2010, abin da ya bambanta ta da na baya ya fi ƙarfin kyawun ƙira. Tun watan Yuli na 2008 Apple ya buɗe kantin App Store domin wayarsa ta iPhone, kuma zuwa ranar da aka nuna iPad akwai manhajoji wajen 140,000 a ciki, kusan dukkansu za su yi aiki a kan sabuwar na'urar. Bugu da ƙari, kamfanin yana riƙe da asusun mutane miliyan 125 waɗanda suka riga suka ba shi lambar katinsu na banki domin sayen waƙoƙi da manhajoji. Watau an kawo sabuwar haja ne cikin kasuwar da ta riga ta cika ta batse. An fara sayar da iPad ran 3 ga watan Afrilu a kan dala 499, aka sayar da miliyan ɗaya cikin kwana 28, kafin shekarar ta ƙare kuma an kusa kai miliyan 15.

Tsarin kuɗin Apple a bayyane yake. Yana cin riba mai kauri a kan na'urar, sa'an nan a farkon fitowar iPad yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na kuɗin duk manhajar da aka saya ta kantinsa. A lokacin nan babu wata ƙofa da manhaja za ta bi ta shiga iPad sai wannan kanti, kuma kamfanin ne ke yanke hukuncin wadda za ta shiga da wadda za a kora.

Waɗanda suka buɗe gida babu baƙi

Shekarar 2011 ita ce shekarar da manyan kamfanoni suka yi rububin shiga wannan kasuwa, mafi yawansu kuma da ciwon baki suka fito. Ban da HP, akwai kamfanin Research In Motion na ƙasar Kanada mai wayar BlackBerry, wanda ya fitar da PlayBook a watan Afrilu. Abin mamaki, kamfanin da ya yi suna a kan aika wasiƙun intanet ya fitar da na'urar da ba ta da manhajar wasiƙu ta kanta sai an haɗa ta da wayar BlackBerry. A watan Disamba na wannan shekara ya rubuta asarar dala miliyan 485 a kan kayan da suka ƙi tafiya. Kamfanin Motorola ya fitar da Xoom a watan Fabrairu a kan farashin da ya kai dala 799, da sabon nau'in Android wanda manhajojin da aka yi musamman dominsa ba su taka kara sun karya ba.

Cutar da ta kama HP da Research In Motion iri ɗaya ce. Kowannensu ya zo da tasa uwar manhajar, ya buɗe nasa kantin, ya zauna jiran baƙi. Mai rubuta manhaja kuwa ƙaramin ɗan kasuwa ne mai ƙididdige lokacinsa da jarinsa. In zai kashe wata shida yana aiki, zai yi ne domin kasuwar da ke da masu saye miliyoyi. Mai saye shi ma in ya shiga kanti ya ga na'ura biyu farashi ɗaya, ɗaya cike da manhajoji ɗaya kuma fayau, ba ya buƙatar shawarar kowa. Rububin da aka yi wa TouchPad a kan dala 99 ya tabbatar da cewa jama'a suna son na'urar. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne biyan kuɗin iPad a kan abin da babu kasuwa a bayansa.

Kamfanin Intel, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya gwada sayen hanyar shiga da kuɗi. A 2014 ya riƙa ba masu ƙera kwamfutar allo tallafi domin su sa ƙwaƙwalwarsa a na'urorinsu, ya cim ma burinsa na shiga na'urori sama da miliyan 40, amma sashensa mai kula da wannan harka ya yi asarar fiye da dala biliyan 4 a shekarar. A 2016 ya soke yawancin shirin. Rangwame yakan yi amfani ne in akwai wata taga da kuɗin za su dawo ta cikinta, Intel kuwa ba shi da kanti ba shi da la'ada.

Hanya uku da aka bi wajen fuskantar Apple

Kamfanin Amazon ya fahimci abin da Tirole ya bayyana fiye da kowa. A watan Nuwamba na 2011 ya fitar da Kindle Fire a kan dala 199, ƙasa da rabin kuɗin iPad. Shugabansa na lokacin, Jeff Bezos, ya faɗa a fili a 2012 cewa kamfanin ba ya cin riba a kan na'urar, burinsa ya sami kuɗi sa'ad da ake amfani da ita. Amazon ya ɗauki Android, wadda asalinta buɗaɗɗiya ce kowa na iya ɗauka, ya cire kantin Google ya sa nasa, ya mai da na'urar ƙofar sayen littattafai da finafinai da kayan masarufi. A 2015 ya saukar da farashin mafi ƙanƙanta zuwa dala 50. Wannan dabarar fatoma ce sak: masauki kyauta, a fanshe a la'ada. Iyakarta kuwa ita ce, ba ta aiki sai a ƙasashen da Amazon ke da rumbunan kaya da masu saye, shi ya sa ba ta yi tasiri a yawancin Afirka ba.

Kamfanin Google ya bi wata hanyar. Ya ba masu ƙera na'urori Android kyauta, irin su Samsung da Lenovo da Asus da ɗaruruwan ƙananan masana'antu a ƙasar Sin, domin shi kuɗinsa daga talla suke shigowa, kuma duk wanda ya riƙe na'urar Android ya zama mai kallon tallarsa. Wannan ya karya farashi ƙwarai, ya sa kwamfutar allo ta kai hannun talaka a Asiya da Afirka. Amma masu ƙerawar sun sami kansu suna sayar da kaya kusan iri ɗaya, babu abin da za su yi gasa a kai sai farashi, ribarsu ta zama siririya. Kyautar ma da sharaɗi ta zo. A watan Yuli na 2018 hukumar Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34, saboda ya wajabta wa masu son kantinsa na Play su sa manhajojinsa na bincike, ya kuma hana su sayar da na'urori masu wani reshe na Android, irin wanda Amazon ya yi. Shi kansa Google bai tsaya da ƙafa ɗaya a wannan kasuwa ba. Ya fitar da Nexus 7 a 2012 a kan dala 199, ya ba da sanarwar daina ƙera kwamfutar allo a 2019, sa'an nan ya komo da Pixel Tablet a 2023. Wannan kai-komo ya sa masu rubuta manhaja da yawa ba su damu da gyara kayansu domin babbar fuska ba, abin da ya daɗe yana cutar da 'yan hayarsa.

Labarin Microsoft ya fi kowanne fito da gaskiyar batun, domin ya gwada hanya biyu a lokaci guda. A watan Oktoba na 2012 ya fitar da Surface RT, mai wani nau'in Windows da ba ya karɓar tsofaffin manhajojin da ofisoshi suka saba da su. Watau ya bar cikakkiyar kasuwarsa ya je ya buɗe sabuwa. A watan Yuli na 2013 ya rubuta asarar dala miliyan 900 a kanta. Ɗaya na'urar, Surface Pro, tana karɓar duk manhajar da ke aiki a kan Windows, kuma ita ce ta rayu, musamman daga fitowa ta uku a 2014. Kamfani ɗaya ne, suna ɗaya, ƙira kusan ɗaya, bambancin kawai shi ne ɗaya tana da kasuwa a bayanta.

Ita kuwa doguwar shari'ar da aka yi tsakanin Apple da Samsung a kan satar ƙira, wadda ta faro a watan Afrilu na 2011 har ta sa wata kotu a Jamus ta hana sayar da Galaxy Tab 10.1, ba ta sauya kome a kasuwa ba. A watan Agusta na 2012 masu taya alƙali yanke hukunci a Kalifoniya sun ba Apple diyyar sama da dala biliyan ɗaya, amma sun ce kwamfutar allon Samsung ba ta kwaikwayi ƙirar iPad da aka yi wa rajista ba. An sasanta a 2018, bayan shekara bakwai ana ciyar da lauyoyi a kan siffar gilashi da kusurwa.

Da kasuwa ta tsuke

Cinikin kwamfutar allo ya kai ƙololuwa a 2014, inda aka fitar da wajen miliyan 230 a duniya, daga nan ya fara sauka. Dalili biyu ne manya. Wayoyi sun girma har sun ci rabin aikin allo, musamman bayan fitowar iPhone 6 Plus a watan Satumba na 2014. Sa'an nan mutane ba sa sauya kwamfutar allo da sauri kamar waya. Wadda aka saya yau takan yi shekara biyar tana aiki. Cinikin iPad ya faɗi daga miliyan 71 a shekarar kuɗi ta 2013 zuwa ƙasa da miliyan 46 a ta 2016. Annobar korona ta ɗaga kasuwar a 2020 saboda karatu daga gida, amma ba ta mai da ita matsayin 2014 ba.

Lokacin tsukewa ne ake gane wanda ke da tushe. Ƙananan masana'antu da yawa sun ɓace, domin wanda abincinsa ke kan sayar da sabuwar na'ura kaɗai, ranar da aka daina saye ya shiga uku. Apple kuwa ya ɗaga farashi da iPad Pro a 2015, ya ƙara mata alƙalami da maɓallan rubutu da ake saye daban, ya kuma mai da hankali ga kuɗin da tsofaffin na'urori ke kawowa. A shekarar kuɗi ta 2024 cinikin iPad ya kawo masa dala biliyan 26.7, sashen hidimomi kuwa, wanda ya ƙunshi la'adar kanti da kuɗin wata-wata da ake biya daga dukkan na'urorinsa, ya kawo dala biliyan 96. Ribar farko a kan hidimomi ta haura kashi 70 cikin 100, ta kayan ƙira kuma ba ta kai kashi 40 ba. Takardun kotu a Amurka sun nuna cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 domin manhajarsa ta bincike ta zama ta farko a na'urorin Apple. Mai kasuwa guda ke nan yake biyan wani mai kasuwa kuɗin bakin ƙofa.

Haɗarin zaman haya ya fito ƙarara a kan kamfanin Huawei na ƙasar Sin. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin kamfanonin da aka hana yin hulɗa da su, nan take sababbin na'urorinsa suka rasa kantin Play da sauran manhajojin Google. Masana'antunsa ba su lalace ba, kayansa ba su rage inganci ba, amma cinikinsa a ƙasashen waje ya durƙushe. Abin da ya cece shi a gida shi ne, kasuwar Sin dama ba ta dogara da Google ba, yawan jama'arta kuma ya isa ya raya sabuwar uwar manhaja, HarmonyOS, wadda ya sa wa kwamfutocin allonsa daga 2021. Kamfanin da ba shi da ƙasa mai mutane fiye da biliyan ɗaya a bayansa, da wuya ya tashi daga irin wannan bugu.

Hujjar masu ja

Akwai masu cewa an cika ɗora nasarar Apple a kan dandali, alhali na'urarsa ta fi inganci ne kawai. Gaskiya ne iPad ta farko ta zo da batir mai awa goma da farashin da abokan hamayya suka kasa karyawa, kuma dandali ba ya raya mummunar na'ura. Har ila yau Samsung, wanda ɗan haya ne a gidan Google, ya daɗe yana riƙe da matsayi na biyu da kusan kashi ɗaya bisa biyar na kasuwa. Amma Samsung yana ƙera gilashinsa da ƙwaƙwalwar ajiyarsa da kansa, har yana sayar wa abokan hamayyarsa, gatan da sauran 'yan haya ba su da shi. Duk da haka ya yi shekaru yana kashe kuɗi a kan tasa uwar manhajar, Tizen, wadda ta ƙare a akwatunan talabijin. Wanda ya ji daɗin haya ba ya wannan wahala.

Akwai kuma masu kare la'adar kashi 30, suna cewa mai kanti yana tace manhajoji daga cuta da zamba, yana karɓar kuɗi a madadin mai manhaja, yana kai kayansa ƙasashe fiye da ɗari. Wannan aiki ne na gaske, ya kuma cancanci lada. Abin tambaya shi ne wa ke yanka ladan. Falke in fatoma ya tsawwala masa, yana iya sauka gidan maƙwabci baɗi. Mai manhajar da ke son isa ga masu iPad ba shi da maƙwabcin da zai koma. Abin lura ne cewa la'adar ba ta fara sassautawa ba sai da matsin lamba ya zo daga waje. Bayan kamfanin Epic Games ya kai ƙara a watan Agusta na 2020, Apple ya rage la'ada zuwa kashi 15 ga masu cinikin da bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. A watan Afrilu na 2024 Tarayyar Turai ta sa uwar manhajar iPad ƙarƙashin dokarta ta kasuwannin zamani, abin da ya tilasta buɗe ƙofa ga wasu kantunan manhaja a ƙasashenta, a watan Afrilu na 2025 kuma ta ci Apple tarar yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja nuna wa jama'a hanyar biya mai rahusa. Kasuwar da gasa ta kasa daidaita farashinta, dole hukuma ta sa baki.

Abin da ya shafi ɗan kasuwar Nijeriya

Nijeriya mai saye ce a wannan harka, saboda haka darasin ya fi shafar masu shigo da kaya da masu saye da yawa. Ɗan kasuwar da ke cika shago a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, kafin ya tambayi girman fuska da ƙarfin batir, ya kamata ya tambayi wace uwar manhaja ke ciki, ko na'urar tana da izinin kantin Play, da kuma shekara nawa mai ƙera ta ya yi alkawarin sabunta ta. Na'urar da aka daina sabuntawa, manhajojin banki da na karatu sukan daina aiki a kanta tun jikinta bai tsufa ba, mai saye kuma shagon da ya saya zai komo da ƙorafi. Araha irin ta TouchPad ba ta ado.

Gwamnatoci da makarantu masu sayen dubbai su ma haka. Shirin Opon Imo da jihar Osun ta ƙaddamar a 2013 ya raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar allo da aka loda wa littattafai da tambayoyin jarrabawar baya, kuma darajar shirin tana cikin abin da aka loda ɗin. Duk hukumar da za ta bi wannan sawu, ya kamata yarjejeniyarta ta fayyace wa ya mallaki abin da ke ciki, wa zai sabunta shi in manhajar karatu ta sauya, da ko za a iya kwashe shi zuwa na'urar wani kamfani in an raba gari da na farko.

Matasa masu rubuta manhaja da kamfanonin da ke sayar da hidima ta waya su san cewa rumfa suke haya, dokar mai kasuwa kuma tana iya sauyawa dare ɗaya. Abin da ya faru a 2022, sa'ad da bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar da shi baki ɗaya har zuwa 2025, ya nuna yadda hanyar biya guda ɗaya ke iya toshewa. Mai hankali yakan riƙe sunayen abokan cinikinsa da hanyar karɓar kuɗinsa a hannunsa, ya shiga kowane dandali ba tare da ya jingina dukkan jarinsa a kan ɗaya ba.

Daga ƙarshe akwai aikin hukuma. Nijeriya tana da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita kuma ta nuna a 2024 cewa tana iya fuskantar manyan kamfanonin waje, sa'ad da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220. Sassaucin da Turai ta ƙwato wa masu manhajarta bai tsallako Afirka ba, domin kamfanonin suna aiwatar da shi ne kawai inda doka ta tilasta musu. Ya kamata hukumar ta fara nazarin sharuɗɗan kantunan manhaja da la'adarsu, ta kuma nemi haɗin kan takwarorinta na Afirka, tunda ƙasa guda ba ta da nauyin da zai sa Apple ko Google ya zauna teburin ciniki. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na Kano da Kaduna da Legas su ne suka fi cancanta su kai wannan buƙata gaban hukumar, tun kafin ƙarin harkokin karatu da na biyan kuɗi su koma cikin waɗannan kantuna biyu.